Ranar da Na Fassara Sirrina da Bakina

Jama'ata masu bibiyar labarina, sallama gare ku, wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna. In kun ga na yi dariya a inda ya kamata in yi kuka, ku yi mini uzuri. Tun hantsi ban dawo daidai ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Rahina, haifaffiyar Malanville, 'yar Alhaji mai rumfar albasa a babbar kasuwa. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, ba zan faɗi sunanta ba domin ina son aikina. Rijiyoyi muke haƙawa a ƙauyukan Garou da Madécali. Babban ofishinmu yana Turai, na ƙasa yana Kwatano, mu kuma muna nan ƙarshen hanya, bakin kogi. Aikina shi ne sadarwa ta cikin gida, wato in tabbatar abin da manya suka faɗa a sama ya iso kunnen kowane ma'aikaci, abin da ma'aikaci ya faɗa kuma ya hau sama. Inna ta gaji da yi wa maƙwabta wannan bayani, sai ta taƙaita musu: "Ɗiyata 'yar aiken Turawa ta." Na yi fushi da farko, daga baya na ga ba ta yi ƙarya ba.

Kafin a ɗauke ni, saƙo yakan taso daga Turai da Faransanci, shafi kan shafi, ya faɗa cikin kwamfutar mutum uku ya kwanta a can. Masu haƙa rijiya da direbobi da matan da ke wakiltarmu a ƙauye sai su ji guntu-guntu a bakin mai shayi. Wata shekara aka aiko cewa za a sauya fasalin aikin, wanda ya karanta ya faɗi rabi ya haɗiye rabi, kafin mako ya zagayo ƙauyuka sun ɗauka korar kowa za a yi. Ƙwararrun mahaƙanmu biyu suka tattara kayansu suka tafi neman wani aiki, alhali ƙarin albashi ne a rabin da aka haɗiye. Shi ya sa aka ce a zauna a tsara yadda magana za ta riƙa tafiya, aka damƙa mini.

Ni kuwa, kun san ni da son a ce na iya. Na kafa doka, na sa aka rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon zauren taro: ba a rage komai a fassara, abin da na sama ya ji na ƙasa ma zai ji. Wanda kuma ya ji saƙo ya kai shi a ranar, ya dawo da amsa. Kowace Litinin ina ɗaukar saƙon murya, wanda a nan muke kira bokal, da Hausa sannan da harshen Dendi, in tura wa kowa a waya. Sau ɗaya a wata kuma duk ofisoshinmu suna haɗuwa ta allon talabijin, Madam Darakta ta yi jawabi daga Turai, ni in tsaya da makirufo ina fassarawa. Har yabona aka yi a Kwatano. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

To, a ofishin nan akwai Abdoulrazak.

Ku bar ni in numfasa. Shi ke kula da motoci da babura da man fetur. Dogo ne, baƙi mai sheƙi, ɗan Gaya daga can tsallaken kogi, mai wata wushirya da ba ya nuna ta sai an yi sa'a. Mutum ne mai bin doka har ya ba ka haushi, in ka karɓi babur da ƙura ka dawo da shi da ƙura, sai ya tambaye ka ko ƙurar jiya ce ko ta yau. A kan haka muka fara faɗa, a kan haka kuma muka daina. Kowace Litinin a ƙarshen bokal ɗina akwai jimla ɗaya da ba ta canzawa: duk mai buƙatar mai ko gyaran babur ya ga Abdoulrazak. Ƙawata Jariatu, mai riƙe da asusun ofis, ta taɓa kama ni ina goge wannan jimlar ina sake ɗauka.

"Ke, mi ad da jimlag ga? Sauran duk sau guda kika yi su."

"Iska ta shiga," na ce.

"Iska ko? Allah shi kai mu ranar iskag ga."

Mun daidaita da shi, amma a ɓoye, kuma akwai dalili. Babana mutum ne mai sauƙi a komai sai abu ɗaya: ba ya yarda ya ji maganar gidansa a bakin waje. Lokacin yayata Nafissa, wani saurayi mai hankali ya so ta, kafin magabatansa su zo sai wani dillalin albasa ya tari Baba a rumfa da fara'a yana yi masa murna. Baba ya amsa da "madalla", ya gama cinikinsa, ya dawo gida ya ce maganar ta mutu. Inna ta yi magiya, kawunnai suka sa baki, ya ce wanda ya fara aika kasuwa kafin ya aiko zaurensa ya riga ya zaɓi surukinsa. Nafissa ta yi kuka har idonta ya kumbura, da idona na gani. Don haka muka yi shiri da Abdoulrazak: shiru, sai baffanninsa sun ƙetaro daga Gaya sun zauna a tabarmar Baba. Tun da aka rufe gadar kan iyaka sai ta kwale-kwale ake ƙetarowa, tsofaffin kuma ba sa son ruwa, suka ce a bari sai ƙarshen wata.

Sai dai ƙungiyarmu ma tana da tata dokar. In ma'aikata biyu suka fara maganar aure, dole shugaban ofis ya sani, don kada a ce wani yana fifita wani. Malam mai bin doka ya je ya faɗa wa Shef Issufu a asirce. Shef ya sanar da Kwatano a asirce. A Kwatano kuma maganar ta ci karo da wata dabara, kuma wallahi tawa ce. Ni na ba da shawarar cewa kowane taron wata a rufe shi da labari mai daɗi daga ofisoshi, haihuwa ko aure ko cin jarrabawa, don ma'aikata su ji su 'yan gida ɗaya ne. Wata baiwar Allah a can ta ga sunana da nasa a jere, zuciyarta ta yi fari, ta jefa mu cikin kwandon labari mai daɗi. Ba wanda ya tambaye ni, ni da ake tambaya a kan komai.

Yau da safe ban san komai ba. Na tashi da nishaɗi, na ɗauko sabuwar atamfata mai ruwan ganye da ɗigon zinariya, wadda tela ya yi wa hannu mai tattara, domin ranar taro kyamara tana kaina. Na turara ta, na ɗaura kallabi na karkata shi gefe, na yafa farin mayafi. Jan lallen da na sa shekaranjiya ya kama sosai. Inna tana tsakar gida tana gyaran zogale, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wagga kwalliya duk ta Turawa ta?"

"Ta aiki ta, Inna."

"Uhm. Aiki ya yi daɗi."

Baba yana ƙofar zaure yana sa takalmi, na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka kamar kullum. Na hau kabu-kabu ina ta murmushi ni kaɗai, saboda saƙon da ya shigo wayata: *Ki zo da wuri, na gyara miki makirufo. Kada ki ce ban yi miki komai ba a rayuwa.*

Zauren taro ya cika. 'Yan ofis a gaba, a baya kuma mahaƙa da direbobi da masu gadi da matan Garou da Madécali, wasu da goyo, an jera robobin zoɓo da fanke a kan tebur. A layin ƙarshe, kusa da ƙofa, Baba Ango yana zaune da hularsa a gwiwa. Ku riƙe sunan nan. Shi ne babban direbanmu, kuma aminin Babana ne tun suna samari, kullum in ya tashi aiki rumfar Baba yake zarcewa su sha shayi. Faransancinsa bai wuce na gaisawa da jandarma a hanya ba, don haka duk taro idonsa a bakina yake.

Aka fara lafiya lau. Madam Darakta ta fito a allo da farin gashinta da tabarau, gefenta ƙananan tagogi, ga Kwatano, ga Parakou, ga Kandi, ga mu. Ta yi maganar sababbin rijiyoyi, na fassara. Ta yi maganar hular kwano ga masu hawa babur, na fassara har da ƙarin harara ga waɗanda na sani. Ina jin daɗin kaina, muryata tana fita tas. Sai ta cire tabarau ta yi wani murmushi.

Ta ce yanzu lokacin labari mai daɗi ne, kuma na wannan watan ya fi faranta mata rai, domin ya shafi wadda ta koya mana yadda za mu riƙa jin juna. Ta ce Rahina tamu ta Malanville da Abdoulrazak za su yi aure.

Jama'a, kun san hanyar sadarwar garin nan. Kullum sai ta yanke, kullum sai fuskar Madam ta daskare baki buɗe mu yi ta jira. Yau kaɗai, yau da na roƙi Allah ta yanke, ta tsaya garau kamar matar tana cikin ɗakin. Tagogin nan suka kaure da tafi. Wani a Parakou ya miƙe yana rawa. Jajayen zukata suka yi ta tashi a allo. Layin gaba na zaurenmu, masu jin Faransanci, suka juyo gaba ɗaya suna kallona, Shef Issufu ya dafe kai. Na saci kallon Abdoulrazak a jikin bango, wayar lasifika a hannunsa, ya ƙame kamar an dasa shi.

Layin baya kuwa shiru. Suna jira. Ni suke jira.

"Ɗiyata," in ji Baba Ango daga can ƙofa, "mi tac ce? Na ji sunanki, na ji na yaron ga."

Jariatu ta jawo gefen mayafina, tana magana ta cikin haƙori: "Ce ta yaba aikinku. Ce ta gode muku. Rahina, hwaɗi haka nan ki wuce!"

Kuma wallahi na so. Jimla ɗaya ce, mai sauƙi, har ta hau harshena. Sai na ɗaga ido na ga rubutun bango, da manyan baƙaƙen da ni na zaɓi launinsu. Na ga matan Garou sun ɗago fuska suna kallona yadda suke kallona kowane wata, ba tare da shakkar komai ba. Rabin zauren ya ji abin da aka faɗa. In na rage yau, kafin la'asar layin baya zai san Rahina ma tana haɗiye rabi in abin ya zo kanta, daga ranar kuma kowane bokal nawa sai an nemi mai shayi ya tabbatar. In kuma na faɗa, ga aminin Babana zaune da kunne biyu. Na tuna idon Nafissa. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

Na gyara makirufo.

"Madam ta ce," na fara, muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba, "ta ce tana murna, domin Rahina ta Malanville da Abdoulrazak za su yi aure."

Kafin in rufe baki wata tsohuwa daga Madécali ta saki guɗa, sauran suka karɓa, jariri ya firgita ya fasa kuka. Mahaƙa suka taso suka rufe Abdoulrazak, wannan ya ja hannu wancan ya bugi kafaɗa. Ni kuma ga abin kunya: bakina ya ƙi rufuwa. Ina cikin masifa, ina sane ina cikin masifa, amma karo na farko ke nan da na ji maganar a fili, da muryata, kuma ta yi daɗi. Ta yi daɗi ƙwarai.

Sai wata mata daga Garou ta ɗaga hannu, ta tuna mini cikin ladabi cewa ban maimaita da Dendi ba.

Ta ji sarai. Kowa a zauren ya san ta ji, tana cikin masu guɗa. Amma doka doka ce. Na rufe fuska da mayafi na sake faɗa da Dendi, aka sake guɗa sabuwa fil, Madam Darakta tana ta tafi a allo, ita a ganinta ta yi abin kirki.

Da na sauke mayafin na dubi layin ƙarshe. Kujerar Baba Ango ba kowa.

Ban san lokacin da na cilla wa Jariatu makirufo ba. Na same shi a farfajiya ya sa hula, yana tayar da tsohon babur ɗinsa. Na durƙusa a ƙasa, sabuwar atamfa da komai.

"Baba Ango, don Allah, don Annabi. Baffanninshi na nan tahe ƙarshen wata. Ka san halin Baba."

"Na san shi tun ba a haihe ki ba."

"To ka rufa min asiri."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ba dariya kuma. "Wa yar rubuta ga bango, wanda yaj ji saƙo shi kai shi ranar, shi komo da amsa?"

"Wannan na aiki na, Baba!"

"Ɗiyata, tashi, ƙasa na ɓata miki tuhwa. Yau in na zamna rumhwar Alhaji na sha shayinai na yi shiru, gobe ya ji ga bakin wani, ya ji kuma ina wurin da anka hwaɗa, da wane ido za ni duba shi? Mutum nawa ag ga ɗakin can? Kowa da salula ga aljihu. Gara shi ji ga bakina."

Ya ba babur wuta ya fice. Na bi ƙurarsa da kallo.

Salula! Wayoyin aljihunsu! Na kwasa da gudu na koma zaure, na fizge makirufo daga hannun Jariatu. Ban taɓa ba da umarni da irin wannan murya ba. Na ce kowa ya ji, saƙon ƙarshen nan na cikin gida ne, ba ya fita ƙofar nan sai na ce, wanda ya tura wa ko da matarsa ce ni da shi ne. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Dendi ba tare da an roƙe ni ba. Suka yi alkawari suna dariya. Wani matashin mahaƙi ya yi saurin tura wayarsa aljihu yana kallon silin, ban yarda da shi ba ko kaɗan.

Abdoulrazak ya same ni a bayan ma'ajiyar kaya, inda inuwar bishiyar dogon yaro take. Hularsa ta karkace, an yamutsa masa riga.

"Rahina, laihina na. Ni nak kai ma Shef."

"Ƙwarai laihinka na! Kai da bin doka awa wanda anka yi ma asiri. Da ka jira mako biyu mi za ya ci ka?"

"Ke da kin ce ta yaba aikinmu mi za ya ci ki?"

Ya sunkuyar da kai, sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Dariya yake! Wushiryar nan duk a waje.

"Mi ab abin dariya?"

"Sau biyu kinka hwaɗa. Gaban duniya. Na Dendin ya hi daɗi."

Na ɗauki busasshen reshe na jefe shi, na kuskure, sai ni ma ta ƙwace mini. Muka yi ta dariya kamar waɗanda suka zautu, ni ina yi hawaye yana zuba, ban san na wanne ba ne. Da muka lafa ya gyara hula, fuskarsa ta koma ta aiki.

"In Alhaji ya ce a'a, ba ni da wata magana bayan tashi. Amma ba ni hwasa roƙo, ko shekara nawa."

"Bari hwaɗin haka," na ce, "gabana hwaɗuwa shikai."

Ban ci abincin rana ba. Jariatu ta kawo mini dambu ta mayar da abinta. Duk babur da ya wuce titi sai na leƙa taga. Saƙonni suna ta shigowa daga Kwatano da Kandi, furanni da zobba da tattabaru, wata ma tambaya take wane launi za a yi anko. Na kife wayar a kan tebur.

Ana kiran la'asar Baba Ango ya dawo. Bai yi sauri ba. Ya kafe babur, ya yi alwala, ya yi sallarsa a natse, mu biyu muna tsaye nesa kamar masu jiran hukunci. Sai da ya shafa addu'a ya yafito mu.

"Saƙo ya kai," ya ce. "Ga amsa."

Muka matso kusa.

"Na iske shi shina zaɓen albasa. Na hwaɗa mishi yadda anka yi, ban rage komi ba. Bai ɗaga kai ba sai da yag gama buhun. Sannan yac ce, Ango, bakinka ba bakin kasuwa na ba, na ɗauke ka manzo. Amma manzo ba magabaci na ba. Gobe kahin azahar shina son ganin mutanen Gaya bisa tabarmatai. In wani ya riga su yi mishi barka, ko wane na, to su yi zamansu, kada su wahal da kansu bisa ruwa."

Gobe! Gobe da kasuwa ke cika, mutanen ƙasa uku suna gogayya a gaban rumfar Baba, kowa da baki.

"Bai yi hushi ba?" na tambaya.

"Ko mamaki bai yi ba," in ji Baba Ango, yana kaɗe tabarmar sallarsa.

Abdoulrazak bai tsaya sallama ba. Na ga dai ya miƙa wa Shef makullan ma'ajiya, ya tare kabu-kabu, sai bakin kogi. Ina hanyar gida saƙonsa ya shigo, hoton ƙafafunsa a cikin kwale-kwale kusa da buhun wani da akuyar wata: *Na shiga ruwa. Ko goya su zan yi, sai na kawo su. Ki ci abinci.* Na karanta ban san sau nawa ba, mai kabu-kabu yana tambayata ko lafiya nake dariya.

A gida Inna sai kallona take ta gefen ido tana kwasar tuwo. Na shige ɗaki na cire atamfar da ta sha ƙasa, na sa doguwar riga, na zauna bakin gado ina jiran kira. Bayan magariba ya zo.

"Rahina."

Baba yana kan tabarmarsa a tsakar gida, carbi a hannu ɗaya, wayarsa a ɗaya. Na durƙusa nesa, kaina a ƙasa. Na shirya jawabi mai kyau tun a hanya, ya gudu ya bar ni.

Ya danna wayar da babban yatsansa, a hankali, irin dannawar wanda aka koya wa. Sai na ji murya ta cika tsakar gidanmu, kuma tawa ce. Bokal ɗin Litinin da ta wuce. Ina bayanin ranar da za a kai siminti Madécali, murya a tsaye, kamar mai karanta labarai a rediyo. Ashe duk mako Baba Ango yana tura masa. Ashe duk mako Babana, wanda bai taɓa tambayata me nake yi a ofis ba, yana zama a cikin albasarsa ya saurare ni har ƙarshe. Idona ya ciko.

Sai aka zo jimlar ƙarshe. Duk mai buƙatar mai ko gyaran babur ya ga... Wayyo Allah. Ban taɓa saurara da kunnen wani ba. Muryar nan mai tsauri ta narke a kan sunan, ta ja shi, har murmushin ana ji. Inna ta yi tari a bakin murhu, tarin da ba na hayaƙi ba.

Baba ya tsayar da shi.

"Wata nawa ina jin wanga," ya ce, yana kallon carbinsa. "Na ce ma Ango, yaron ga mai gyaran babur, ko dai shi aiko, ko a sake mishi suna."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so kuma in tashi in yi tsalle. Na dunƙule a wurin ina cizon bakin mayafi.

"Maganata na nan yadda nah hwaɗe ta," ya ci gaba, muryarsa ta koma ta Alhajin da na sani. "Kahin azahar. In wani ya riga su, shi ke nan."

"To, Baba."

Ya juya wajen Inna. "Gobe ba ni hita kasuwa. Yara su kula da rumhwa. A jawo ƙyauren zaure, wanda duk yaz zo a ce ba ni ganin kowa sai baƙin Gaya."

Inna ta saki muciya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya bar ranar cikar kasuwa ba, ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi sai da aka kai shi rumfa ya kwanta a kan buhu. Na ɗago na dube shi, ya kawar da kai kamar yana neman wani abu a kan katanga. Sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Riƙe min wagga wurinki. Ta cika damuna."

Na karɓa da hannu biyu. Ko gama karɓa ban yi ba ta hau ruri a tafina, allon ya haska da sunan Na-Allah dillali, mutumin da ya yi wa Baba barka a lokacin Nafissa. Ta yi ta kuka, mu uku muna kallonta.

Baba ya ja carbi ɗaya, ya ɗaga kai sama.

"Ni ban ji komi ba," ya ce. "Ke da aikinki na kai saƙo, kin ji wani abu?"

"A'a, Baba."

Na danne maɓallin har allon ya yi baƙi, na tura ta can ƙasan tulin zanin Inna. Tun da na fara aikin nan, wannan ne saƙo na farko da na hana isa, kuma mutumina yana can tsallaken kogi yana lallashin tsofaffi biyu masu tsoron ruwa.